Kifi na ganinka, mai jar koma: amma yana ganin jar kuwa?

Babu Bahaushen da bai san wannan karin magana ba. Ana jefa ta ga mai ƙulle-ƙulle wanda ya zaci ba a lura da shi ba, a yi dariya a wuce. In aka tsaya aka dube ta da kyau, za a ga ta faɗi abu biyu game da halittar kifi. Na farko, kifin da ke cikin ruwa yana hangen mutumin da ke tsaye a kansa. Na biyu, launin komar yana cikin abin da ke tona asirin masunci. To, gaskiya ne? Yaro ɗan shekara goma yana iya yin wannan tambaya, kuma amsar da ya fi samu, a gida ko a lakwal, ita ce: kai dai ka cika surutu.

Ni a ganina tambayar ta cancanci darasi guda cur. Amsarta a taƙaice ita ce e, yawancin kifaye suna ganin launi, wasu ma sun fi mu gani. Sai dai ruwan da kifin ke ciki shi ke yanke hukuncin wane launi zai kai ga idonsa, kuma a irin ruwanmu na Madarunfa, Tabalak, Gidimuni da kogin Isa, launi shi ne ƙarami a cikin abubuwan da ke sa kifi ya ci koto. Wanda ya fahimci haka ba zai zubar da kuɗinsa a kan kayan su masu ƙyalli ba. Zai kuma gane cewa abin da ke ƙarar da kifi a tabkunanmu shi ne ragar da kifi ba ya iya gani sam. Ga dalilaina.

Gardamar da aka yi shekara ɗari da suka wuce

A farkon ƙarnin da ya gabata, wani babban likitan ido a Jamus, Carl von Hess, ya tsaya kai da fata cewa kifi ba ya ganin launi. Hujjarsa ita ce, in aka haska wa kifaye launukan bakan gizo, sukan taru a inda ya fi haske, kamar yadda mutumin da ba ya ganin launi ko kaɗan zai yi. Mutum ne mai suna, saboda haka maganarsa ta zauna.

Wani matashin masanin dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, bai yarda ba. Ya lura cewa wasu ƙananan kifayen rafi suna sauya launin jikinsu ya dace da launin ƙasan da suke kai. Ya ce a ransa, yaya halitta za ta kwaikwayi abin da ba ta gani? Wajen 1911 zuwa 1913 ya shiga gwaji. Yakan ba kifin abinci a jikin wani launi guda, kullum, har ya saba. Daga nan sai ya kawo wannan launi tare da wasu abubuwa masu ruwan toka, daga mai haske zuwa mai duhu, ba tare da abinci ba. Da a ce haske da duhu kaɗai kifin ke gani, dole ya rikita launin da ɗaya daga cikin masu ruwan tokan. Bai rikita ba. Ya nufi launinsa kai tsaye.

Da wannan dabara von Frisch ya tabbatar daga baya cewa ƙudan zuma ma na ganin launi, kuma a 1973 aka ba shi kyautar Nobel tare da Konrad Lorenz da Nikolaas Tinbergen. Shi ma Tinbergen yana da nasa labarin kifi. Akwai wani ɗan kifin Turai da cikin namijinsa ke yin ja lokacin aure, kuma ya kan far wa duk namijin da ya gani da jan ciki. Tinbergen ya ba da labarin cewa kifayen da ya ajiye kusa da taga sukan taso da faɗa in jar motar gidan waya ta gifta a titi.

Ina son malamai su lura da abu guda a nan. Kayan aikin von Frisch ba su wuce ruwa, abinci da haƙuri ba. Abin da ya kayar da babban farfesa shi ne tsarin gwajin.

Abin da ke cikin idon

A can bayan ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin da ke karɓar haske, iri biyu. Masu siffar sanda, waɗanda littafin SVT ke kira bâtonnets, su ke aiki a duhu-duhu, ba ruwansu da launi. Masu siffar mazurari, wato cônes, su ke rarrabe launi, amma sai da wadataccen haske. Shi ya sa da almuru riga ja da riga kore duk sukan koma baƙi-baƙi a idonka.

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin launi iri uku. Kare da saniya iri biyu gare su, don haka bajimin da ake cewa jan ƙyalle ke harzuƙa shi, motsin ƙyallen yake bi. Jan kifin nan da ake kiwo a kwalba don ado yana da iri huɗu, kuma na huɗun yana ganin wani haske da ke gaba da shunayya a bakan gizo, wanda idon mutum ba ya kamawa. Karfasarmu, wadda muke soyawa kullum, tana da ƙwayoyin gado har bakwai na sinadaran ganin launi. Ba ta amfani da su duka a lokaci guda. Tana ƙarama tana kunna waɗanda suka dace da farautar ƙananan halittun saman ruwa, in ta girma ta koma ga waɗanda suka fi kama kore, rawaya da ja.

Ba duka kifaye aka taru aka zama ɗaya ba. Masu bincike sun samu cewa da yawa daga manyan kifayen teku masu haƙora, irin su shak, ƙwayar launi iri ɗaya ce gare su, wato kusan duniyarsu fari da baƙi ce. Giwan ruwa kuma yana da wani shimfiɗe mai ƙyalli a bayan idonsa, kamar na kyanwa, wanda ke mayar da haske ya sake bi ta tantanin. Duk wanda ya taɓa haska idon giwan ruwa da tocila ya ga wannan ƙyalli. Ido ne da aka tanadar wa farauta a ƙarancin haske.

Shi kuma ɓangaren farko na karin maganar, cewa kifi na ganin wanda ke bisa, shi ma gaskiya ne. Haske yana lanƙwasawa in ya shiga ruwa, don haka kifin da ya ɗaga ido yana ganin duk abin da ke waje ta cikin wata taga mai da'ira a saman kansa. Abin da ya miƙe tsaye yana fitowa sosai a wannan taga, abin da ya yi ƙasa-ƙasa kusa da gaɓa kuwa yana matsewa a gefenta, ba a gane shi. Masunci da ke duƙawa yana sanɗa kafin ya wurga birgi, yana kuma kiyaye kada inuwarsa ta riga shi faɗa wa ruwa, wannan ka'ida yake bi ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Ruwa ke da ta cewa

Launi ba ya zama a jikin abu kamar yadda nauyi ke zama. Hasken rana ya ƙunshi dukan launukan bakan gizo, abu ja kuma shi ne wanda ke shanye sauran ya mayar da ja. In babu jan haske a wurin, abin ba zai fito ja ba.

Ruwa kuwa yana tace haske. A ruwa mai garai-garai, kamar na tsakiyar teku, ja ke fara ɓacewa, cikin mita 5 zuwa 10 na farko. Ruwan goro ya bi, sannan rawaya, sannan kore. Shuɗi ke kaiwa can ƙasa. Masu ninƙaya a zurfi sun san cewa in suka yanke, jinin da ke fita kore-kore suke ganinsa. Wannan shi ne bayanin da za ka tarar a yawancin littattafai da bidiyoyin kamun kifi, kuma daidai ne ga irin ruwan da aka rubuta shi dominsa.

Namu ruwan daban ne. Tabkin da laka da gansakuka suka cika yana juya lissafin: shuɗi ke fara mutuwa, abin da ya rage shi ne rawaya-rawaya da ja-ja, shi ma ba ya nisa. A tabkuna da yawa da damina, in ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, yatsunka sun ɓace maka. Kifin da ke ciki shi ma iyakar ganinsa ke nan.

Mutanen Yamai suna ganin wannan sauyi da idonsu kowace shekara, domin kogin Isa sau biyu yake cika. Wajen Agusta da Satumba ake samun jar cika, lokacin da Sirba, Dargol da Goruwal ke kwararo jar laka daga ɓangaren Burkina Faso. Wajen Disamba zuwa Fabrairu kuma ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini yake isowa, bayan ya sauke lakarsa a fadamun Mali, ya zo da duhu-duhu amma a tace. Kogi ɗaya ne, kifi ɗaya, gaɓa ɗaya, amma abin da kifin ke iya gani a watan Satumba da na Janairu ba su haɗa hanya ba. Duk wanda ya ce maka launi kaza shi ne maganin kifi, tambaye shi: a wane ruwa, a wane wata, da wane lokaci na yini?

Akwai misali daga gabashin Afirka da ke nuna girman lamarin. A tabkin Biktoriya akwai ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifaye dangin karfasa, kuma a da yawansu mace da launi take zaɓen namijin jinsinta, wannan shuɗi, wancan ja. A 1997 Ole Seehausen da abokan aikinsa suka nuna cewa a wuraren da ruwan ya gurɓace ya yi duhu, mata sun daina rarrabe mazan, launukan sun dusashe, nau'o'in suna cakuɗewa suna raguwa. Ba a kama su da raga ba, ba a zuba musu guba ba. Gani kawai aka toshe musu. Mu da ke kallon koramu na kwaso rairayi da laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa suna zubawa a tabkunanmu, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai. Namijin karfasa ma yakan yi ja-ja lokacin da ya gyara gurbin aure, kuma tsage da giwan ruwa da ido suke farauta.

Kifayen da ido bai dame su ba

Duba tarwaɗa. Ƴan idanu gare ta kamar tsaba, ga gashin baki zara-zara har takwas. Wannan gashi cike yake da ƙwayoyin ɗanɗano, kuma akwai irinsu a fatar jikinta. Da dare ta fi kiwo, a ƙasan laka, inda ko fitila ba za ta yi amfani ba. Shi ya sa masu ɗana mata ƙugiya ke sa tana, hanjin kaza, ko ma guntun sabulu. Wari da ɗanɗano suke sayar mata.

Kusan kowane kifi kuma yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda ke jin motsin ruwa. In za ki gyara karfasa, uwargida, duba ɓawon gefenta za ki ga layin ƴan ramuka. Da shi kifi ke jin ɗan kifin da ke mutsu-mutsu kusa da shi, da shi garke ke juyawa lokaci guda ba tare da sun yi karo ba, da shi kuma da kunnensa na ciki yake jin takun mai su a gaɓa da bugun filafili a jikin jirgi.

Abin mamaki ya fi yawa ga yauni. A 1951 wani masani a jami'ar Kambirij ta Ingila, Hans Lissmann, ya gano cewa yauni yana fitar da wata siririyar wutar lantarki daga wutsiyarsa ba dare ba rana. Ba irin ta minjirya ba ce mai girgiza mutum. Wannan ba a jin ta. Ya bi sawun abin har rafukan arewacin Gana, daga baya kuma shi da abokin aikinsa Ken Machin suka tabbatar cewa da wannan wuta yauni ke gane abin da ke kewaye da shi, har yana iya ja da baya ya shige rami ba tare da ya taɓa gefe ba. Miligi da danginsa ma haka suke. Wannan ɗaya ne daga cikin manyan binciken ilimin dabbobi na ƙarnin jiya, kuma a kan kifin da ake sayarwa a kasuwannin Gaya da Difa aka yi shi. Ƴan makarantarmu nawa suka taɓa ji?

Ko kurungu yana da darasi. Yawancin kifaye bayansu duhu ne, cikinsu fari, don wanda ya dube su daga sama ya rikita su da duhun ƙasa, wanda ya dube su daga ƙasa ya rikita su da hasken sama. Akwai wani irin kurungu a kogin Isa da tabkin Cadi da ke iyo a rigingine, kuma shi cikinsa ne ya fi duhu. Wannan na nuna mana cewa a cikin ruwa, bambancin haske da duhu ya fi launi nauyi.

To me ke nan ga mai su?

Ga mai fatsa, maganar a sauƙaƙe take. A ruwan laka, da dare, ko in tarwaɗa ake nema, launin koto ba shi da wani tasiri, wari da motsi ke aiki. A ruwan da ya tace, da rana, in tsage ko giwan ruwa ake nema, gani yana da muhimmanci, amma ko a nan girman koton, yadda yake motsi da yadda yake walƙiya kamar ɗan kawara sun riga launi. Abu mai duhu yana fitowa sarai in kifi ya hango shi daga ƙasa yana fuskantar hasken sama. Launi na zuwa ne a ƙarshe, kamar gishirin da ake ƙarawa bayan miya ta nuna.

Ina faɗar haka ne domin samarinmu suna kallon bidiyoyi a TikTok da Facebook, inda ake tallar kifayen roba kala-kala da aka ƙera don tabkunan Amurka da Turai masu ruwa kamar gilashi. Yawancin adon da ke jikinsu an yi shi ne don idon mai saye. Yaron da ya tara ƴan kuɗinsa ya sayi irin wannan ya jefa a tabkin da ba a ganin tafin hannu, kallon kitse ya yi wa rogo. Tsohon da ke gefensa da gwangwanin tana zai riga shi cika ƙwarya.

Dubi Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban mutane ke faɗawa Matan Fada da homa da gora, ruwan ya dame ya zama kunu. Babu mai ganin kifi, kifi ma ba ya ganin kowa. Da lalube ake fito da giwan ruwan da sai an haɗu a ɗauka. Masunta sun daɗe da sanin lokacin da ido ke aiki da lokacin da ba ya yi.

Yanzu ga inda maganar ta fi zafi. Komar da kakanninmu suka sani ta zare ce. A wurare da yawa akan jiƙa irin wannan raga a ruwan ɓawon itace don kada ta ruɓe da wuri, sai ta rine ja-ja. Kifi na ganinta, wani ya kauce, wani ya faɗa. Wanda ya kauce shi ne irin baɗi. Yau kallin roba mai silli ɗaya ya cika kasuwa. Garai-garai yake, a cikin ruwa kusan ba a ganinsa, ga araha, ga sauƙin ɗauka. Yana kamu fiye da na zare, wannan ba gardama. Amma in ya tsinke ya ɓace a ruwa ba ya ruɓewa, yana nan yana kashe kifi ba mai ɗiba. Senegal ta hana irin wannan raga a dokarta ta su tun 1998, ta sake jaddada hanin a 2015, kuma har yanzu ana fama da masu shigo da ita.

In aka haɗa wannan da ƙaramin ido, har da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro wasu suka mayar da shi taru, sai a kwashe uwa da ƴaƴa. Macen karfasa a baki take goyon ƙwanta da ƴaƴanta. Kama ta a wannan lokaci kama ɗaruruwa ne. Jami'an gandun daji su zuba irin kifi a tabki, kafin shekara ta zagayo an tace shi tas, sannan a ce ruwan ne ba shi da albarka.

Na san abin da masunci zai ce, kuma yana da gaskiyarsa: iyali na jiran cefane yau, in ni na bar ragar roba maƙwabcina ba zai bari ba. Shi ya sa wannan ba hukuncin mutum ɗaya ba ne. Abu ne na sarkin ruwa, ƙungiyar masunta da hukuma su zauna su tsayar da girman idon raga da watannin rufe tabki, kowa ya bi. Al'adar rufe ruwa da buɗe shi a rana guda tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Amma yarjejeniya irin wannan tana tsayuwa ne in mutane sun san dalilinta, kuma a nan ne makaranta ke shigowa.

Aikin malamai da iyaye

Malam zai ce manhaja ta yi yawa, aji ya cika, babu ɗakin gwaji, ga jarrabawar BEPC na tafe. Duk gaskiya ne. Amma haske da ido da halittun ruwa suna cikin abin da ake koyarwa a kwalej. Abin da nake nema shi ne a koyar da su da kayan da ke hannu maimakon a cika allo da zanen da yara za su kwafa su haddace.

Gwaji na farko ba ya buƙatar kifi. A samo gorunan roba uku. A cika ɗaya da ruwan pampo, ɗaya da ruwan da aka dama da ɗan jar ƙasa, ɗaya da ruwan tabki mai gansakuka. A jera murafun kwalba ja, shuɗi, kore, rawaya, fari da baƙi a bayan kowace gora, yara su rubuta wanne ya fara ɓacewa. Kafin a fara, kowane yaro ya rubuta hasashensa. Rabin darasin yana cikin bambancin abin da ya zata da abin da ya gani.

Na biyu, a ɗaura farin murfin kwano a igiya mai ƙulli kowane santimita 10, babban mutum ya zura shi a tabki har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Wannan shi ne awon da wani malamin kimiyya ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara a 1865, kuma har gobe masana ruwa da shi suke aiki. In makarantar da ke kusa da tabki ta riƙa yin wannan awo sau ɗaya a wata, cikin shekara uku za ta mallaki bayanin da zai amfani garin duka.

Na uku shi ne gwajin von Frisch kansa. Ƴan karfasa biyu ko uku a babbar roba, ruwan da ya kwana don warin maganin pampo ya fita, a riƙa sauya wani ɓangarensa. Kullum a ba su ɗan abinci a gindin jan murfi, ana sauya masa wuri don kada su haddace kusurwa. Bayan mako biyu ko uku a sa jan murfin tare da wasu masu ruwan toka, babu abinci a ko ɗaya, a ƙirga sau nawa suka nufi kowanne. Sai malam ya tambaya: me ya sa muka cire abincin? Me ya sa muka sa ruwan toka iri-iri? Yaron da ya iya amsa waɗannan biyu ya fahimci abin da ake kira gwaji, kuma zai yi wuya mai tallar maganin gargajiya ko na zamani ya ruɗe shi da "an gwada an gani".

Wata riba kuma, a irin wannan darasi malam kan gano yaron da ba ya rarrabe ja da kore. Halitta ce da ake gado, ta fi yawa ga maza, kuma yaro na iya shan faɗa shekara da shekaru kan taswira ko alli mai launi ba wanda ya san dalili.

Iyaye kuma suna da tsoro mai tushe: nutsewa da tsargiya. Babu ɗaya cikin gwaje-gwajen nan da ke buƙatar yaro ya shiga ruwa, kuma kada a bari ya shiga. A kawo ruwan aji, a bar tabkin ga manya.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne a gayyato masunci. A yawancin makarantun bakin ruwa akwai ƴaƴan Sarkawa da sauran masunta a aji, wasu har kunya suke ji a san sana'ar gidansu saboda tsokanar ƙarni. A kira mahaifin ɗaya daga cikinsu ya tsaya gaban allo, ya faɗi wane kifi ke cin wane koto, a wane wata, me ya sa ake duƙawa, wane kifi ne ya yi ƙaranci tun tasowarsa. Yara su rubuta, sannan su auna maganarsa da abin da suka gani a roba. Wani abin zai dace, wani ba zai dace ba, kuma a tattauna duka biyun ba tare da raini ba. Ranar nan ɗansa zai zauna a aji da kai a sama.

Ku kuma iyaye, in an kawo kifi gida, kafin a sa wuƙa, a ba yara minti biyar. Su gwada girman idon karfasa da na tarwaɗa, su ƙirga gashin baki, su nemo layin gefe, su duba launin baya da na ciki. In kifin da aka sayo bai kai tsawon yatsa ba, a gaya musu abin da hakan ke nufi ga tabkin da ya fito. In kuma yaro ya yi tambayar da ba a da amsarta a take, a ce masa: mu gwada mu gani.